'Yan Tsakiya: Yadda Masu Harshe Biyu Suka Ba Silafawa Rubutu

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon wata magana ce da aka yaɓa mini a gidan suna kwanakin baya. Muna zaune a falo ana cin masa, sai wata gwaggona ta juyo ta ce, "Ke 'yar nan, me ma kike karantawa a jami'ar ne?" Na ce, "Gwaggo, harsunan Silafawa da adabinsu, wato su Rashanci da Bosniyanci." Ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Ke da Hausar ma ba ta zauna a bakinki ba, kin tafi neman yaren Rasha?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe, amma wallahi har na koma makaranta maganar tana cin raina. Don gaskiya ta faɗa. A nan Ingila aka haife ni, Hausata ta kicin ce da ta gaisuwa a waya, in zance ya yi zurfi sai in tsere zuwa Turanci. Wannan rubutun ma da ƙamus a gefena na yi shi, kuma sai da Umma ta duba mini.

Na san da yawanku kun sha irin wannan gorin. A ranar ban iya ba Gwaggo amsa ba, alhali amsar tana cikin karatun nawa, wato tarihin yadda aka rubuta harsunan Silafawa. Abin da na tarar a ciki shi ne, sau da yawa in ka bi sawun wani babban aiki da aka yi wa waɗannan harsuna, za ka samu wanda ya yi shi ɗan tsakiya ne: ko dai ya tashi tsakanin harshe biyu, ko kuma yana zaune a ƙasar wasu.

Su wane ne Silafawa?

Bari in fara da ɗan bayani ga wanda bai sani ba. Mutanen da Turawa ke kira Slav, ni kuma na Hausantar da su Silafawa, su ne mafi yawan mazauna gabashin Turai da yankin Balkan, kuma masu magana da harsunansu sun kai kimanin miliyan 300. Masana sun kasa harsunan gida uku. Na gabas su ne Rashanci da harshen Yukren da na Belarus. Na yamma sun haɗa da harshen Polan da na Cek da na Sulobakiya. Na kudu kuwa su ne na Bulgeriya da Masedoniya da Sulobeniya, sai wanda ake yi a Sabiya da Kuroshiya da Bosniya da Montenegro. Duk tushensu ɗaya.

A jami'armu digirin shekara huɗu ne. Shekarar farko daga baƙaƙe ake fara maka kamar ɗan firamare: haruffa 33 na Rashanci, sannan nahawun da suna ɗaya ke sauya ƙarshensa hanya shida gwargwadon aikinsa a jimla. Shekara ta uku a waje ake yin ta. Da can Rasha ake tura ɗalibai, amma tun da ta afka wa Yukren a 2022 aka koma tura su ƙasashe irin su Latbiya da Istoniya da Kazakistan, inda akwai masu jin Rashanci da yawa. Ni rabin shekarata a Sarayebo, babban birnin Bosniya, na yi ta. Amma kwas ɗin da ya fi shiga raina a shekara ta biyu muka yi shi, wato Tsohon Silafancin Coci, harshen da babu mai hira da shi yau, amma shi ne na farko da aka rubuta a dangin nan gaba ɗaya.

Ranar farko malaminmu da sunan mutanen ya fara. Masana da yawa suna ganin sunan Slav yana da alaƙa da slovo, wato kalma: su ne masu magana, waɗanda ake gane abin da suke faɗa. Maƙwabtansu Jamusawa kuwa sai suka sa musu nemtsi, ma'ana bebaye, don in sun yi magana ba a fahimta. Sunan nan ya bi ta Turkanci har ya shiga Larabci, shi ya sa 'yan uwanmu na Saudiyya da Sudan suka san ƙasar Ostiriya da sunan Nimsa. Ina zaune a aji sai na tuna Larabawa ma wanda ba Balarabe ba ajami suke ce masa, mu kuma mukan ce wane yana gwaranci. Ashe dai kowa da bebensa.

Wa da ƙane daga Tasalonika

A ƙarni na 9 Silafawa sun riga sun bazu daga tekun Baltik har ƙasar Girka, amma ba su da rubutu nasu. Tasalonika shi ne birni na biyu a daular Rumawan Gabas bayan Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. Cikin gari Girkanci ake yi, amma ƙauyukan da ke kewaye da shi cike suke da Silafawa. A nan aka haifi 'ya'yan wani hafsan soja mai suna Leo: Metodiyos wajen 815, da ƙanensa Konstantin wajen 827. Girkanci ne harshen karatunsu da ibadarsu, Silafanci kuwa na titi ne da kasuwa. Har yau ana gardama ko suna da jinin Silafawa ko zallan Girkawa ne, kowane ɓangare na ja.

Konstantin ya tafi babban birni ya yi karatu mai zurfi har aka yi masa laƙabi da Mai Falsafa. Littafin tarihin rayuwarsa ya ce an taɓa tura shi cikin tawaga zuwa daular Abbasiyawa, inda ya yi muƙabala da malaman Musulmi. Shi kuwa Metodiyos ya yi gwamnan wani yanki na Silafawa kafin ya ajiye mulki ya shiga gidan masu zuhudu.

A 862 Rastislav, sarkin Morabiya, yankin da yau yake cikin ƙasar Cek da Sulobakiya, ya aika wa sarkin Rumawa Mika'ilu na Uku da saƙo. Mutanensa sun riga sun karɓi Kiristanci a hannun limaman Jamusawa, amma da Latin ake musu ibada, talaka yana tsaye bai san me ake faɗa ba. Ya ce yana son malamin da zai koyar da su da harshensu. Akwai siyasa a ciki, don limaman nan 'yan gaban goshin sarkin Jamusawa ne da ke neman haɗiye ƙasarsa. Sarki Mika'ilu ya zaɓi 'yan uwan nan biyu, kuma dalilin da aka ce ya bayar mai sauƙi ne: 'yan Tasalonika ne, kuma kowa a can yana jin Silafanci. Wato harshen kasuwar da suka tsinta suna yara shi ya jawo musu aikin da ake tuna su da shi yau.

Matsalar farko haruffa ce. Girkanci haruffa 24 ne da shi, kuma babu na sautuka irin su sh da c da ts, waɗanda Silafanci ke cike da su. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta ɓarawo ko ƙaho a wayar da ba ta da haruffa masu ƙugiya ya san irin wannan wahala. Konstantin ya zauna ya ƙirƙiro sabbin haruffa kusan 40, waɗanda ake kira Glagolitsa, masu zagaye-zagaye da ba su yi kama da na kowa ba. Mun sha wuyarsu a jarrabawa.

Matsala ta biyu ta fi girma, wato kalmomi. Ba a taɓa yin falsafa ko tauhidi da harshen a rubuce ba. Sai suka riƙa warware kalmar Girkanci suna ɗinka irinta da zaren Silafanci. Misali, kalmar Girkanci ta sa albarka asalinta faɗin alheri ne, sai suka haɗa blago, alheri, da slovo, kalma, aka samu blagosloviti, wadda har gobe Rashawa da Sabiyawa ke amfani da ita. Wanda ya san Girkanci kaɗai ba zai iya wannan ɗinki ba, haka ma wanda ya san Silafanci kaɗai.

A 863 suka isa Morabiya suka fara karantar da matasa. Limaman Latin ba su ji daɗi ba. A 867, a kan hanyarsu ta zuwa Roma, suka yada zango a Benis, sai bishop-bishop da limamai suka taru a kan Konstantin. Hujjarsu ita ce harsuna uku kawai aka yarda a yi ibada da su a rubuce, Ibrananci da Girkanci da Latin, don a faɗar Linjila da su Bilatus ya sa aka yi rubutu a kan gicciye. Konstantin ya mayar musu da cewa ruwan sama da hasken rana ba sa zaɓen ƙabila, sannan ya lissafa musu al'ummomin da suka daɗe da haruffansu da littattafansu, irin su Armeniyawa da Farisawa da Larabawa da Misirawa. Fafaroma Adriyan na Biyu ya goyi bayansu, ya karɓi littattafan Silafanci ya sa musu albarka. Amma Konstantin bai koma ba. Rashin lafiya ta kama shi a Roma, ya shiga zuhudu ya ɗauki sunan Kiril, ya rasu ranar 14 ga Fabrairu 869 yana da shekara 42.

Metodiyos ya koma shi kaɗai a matsayin babban bishop, amma a 870 bishop-bishop na Babariya suka kama shi suka tsare, sai a 873 Fafaroma Yohanna na Takwas ya sa aka sake shi. Ya ci gaba da fassara har ya rasu a 885. Yana rufe ido aka hana ibada da Silafanci a Morabiya, aka kori almajiransa, wasu daga cikinsu aka sayar da su bayi a kasuwar Benis. A zamanin nan cinikin bayi Silafawa ya yi yawa ƙwarai, har sunansu ya zama kalmar bawa a harsunan Turai: slave ɗin Ingilishi da esclave na Faransanci daga nan suka fito. Da na fara jin wannan jikina ya yi sanyi, don mu a makarantun nan in an ce bauta fuskarmu ake kallo.

Sai dai uku daga cikin korarrun, Kliment da Naum da Angelariy, sun tsallake kogin Danub sun isa Bulgeriya. Sarki Boris ya karɓe su hannu bibbiyu, don shi ma yana neman rage ƙarfin limaman Girkawa a ƙasarsa. Kliment ya kafa makaranta a yankin Ohrid, inda tarihinsa ya ce ya koyar da ɗalibai 3,500. A ƙasar ta Bulgeriya ne, wajen ƙarshen ƙarni na 9, aka tsara wasu haruffan masu sauƙi: aka ɗauki na Girkanci aka ƙara musu waɗanda babu. Su aka sa wa suna Kirilitsa don girmama Kiril, ko da yake bai taɓa ganinsu ba. Da Yarima Vladimir na Kiyef ya karɓi Kiristanci a 988 littattafan suka bi addinin zuwa gabas. Yau kimanin mutum miliyan 250 ke rubutu da haruffan nan, kuma tun shigar Bulgeriya Tarayyar Turai a 2007 suka zama rubutu na uku na hukuma a Tarayyar.

Bayan kusan shekara dubu, an maimaita

To, kada mai karatu ya ce ai labarin mutum biyu ne kawai. Mu tsallaka zuwa wajen 1800, lokacin da Silafawa da yawa ke ƙarƙashin daular Ostiriya ko ta Turkawa.

A ƙasar Cek, tun bayan da aka ci su a yaƙin Farin Dutse kusa da Prag a 1620, Jamusanci ya yi ta mamaye ofis da makaranta da gidajen masu hali, harshen Cek ya koma na ƙauye da na 'yan aiki. Mutumin da ake kira uban fannin da nake karantawa, Josef Dobrovský, an haife shi a 1753 a ƙasar Hangari inda mahaifinsa ke aikin soja, ya tashi a garin da Jamusanci ake yi, sai da aka kai shi makarantar gaba da firamare ya koyi harshen Cek. Nahawun harshen Cek da ya wallafa a 1809 da Jamusanci ya rubuta shi, na Tsohon Silafanci na 1822 kuma da Latin. Shi kansa bai sa rai harshen zai sake tashi ba. Amma a kan aikinsa ne Josef Jungmann ya ɗora ƙamus ɗinsa mai juzu'i biyar tsakanin 1834 da 1839, mai kalmomi kimanin 120,000, inda ya tono tsofaffin kalmomi, ya aro daga harshen Polan da Rashanci, ya ƙirƙiro sabbi. Ba a cika shekara ɗari ba harshen nan ya ba duniya kalmar robot, daga robota, aikin tilas, a wasan kwaikwayon Karel Čapek na 1920.

A Sabiya kuwa masu ilimi da wani haɗin gambiza na Silafancin coci da Rashanci suke rubutu, wanda talaka ba ya ganewa. Vuk Karadžić ɗan ƙauye ne, an haife shi a 1787. Da Turkawa suka murƙushe boren Sabiyawa a 1813 ya gudu Biyena, babban birnin Ostiriya. A can ya haɗu da Jernej Kopitar, ɗan Sulobeniya mai aikin tace littattafai ga gwamnati, wanda ya ƙarfafa shi ya rubuta harshen yadda mutanen ƙauyensu ke yin sa. A Biyena ya wallafa nahawu a 1814 da ƙamus mai kalmomi sama da 26,000 a 1818, a can ya yi aure, a can ya mutu a 1864. Ya tsara haruffa 30, kowane sauti da harafinsa. Manyan coci suka yi masa caa, musamman da ya aro harafin j daga Latin, wai yana neman mayar da mutane Katolika. Aka hana rubutun nasa a Sabiya, sai a 1868, shekara huɗu bayan mutuwarsa, gwamnati ta amince da shi gaba ɗaya, kuma shi ake amfani da shi har yau. Kun ga ɗan gudun hijira ne ya tsara wa 'yan gida yadda za su rubuta harshensu.

Ko a Rasha da take da daularta, manyan gari Faransanci suke yi a falo, Rashanci na bayi da barori ne. A irin wannan gida aka haifi Aleksandar Pushkin a Mosko a 1799. Baitocinsa na farko yana yaro da Faransanci ya yi su, har abokan karatunsa suka sa masa Bafaranshe. Rashanci a wurin kakarsa ya same shi da kuma mai rainonsa, wata 'yar ƙauye mai suna Arina Rodionovna, wadda ta ci gaba da yi masa tatsuniya har da girmansa, lokacin da gwamnati ta tsare shi a ƙauyen Mikhailovskoye daga 1824 zuwa 1826. Shi ne ya haɗa harshen coci da na talaka da abin da ya koya a adabin Faransa ya fitar da Rashancin da ake koya mana yau. Af, kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, ɗan Afirka ne da aka kai wa Sarki Bitrus Mai Girma yana yaro ta hanyar Istanbul wajen 1704, ya kuma kai muƙamin janar. An daɗe ana cewa daga Habasha yake, amma a 1996 masanin tarihi ɗan Benin Dieudonné Gnammankou ya kawo hujjojin cewa daga Logone-Birni yake, a arewacin Kamaru. 'Yan uwa na Kusseri da Njamena, wataƙila maƙwabcinku ne.

Ajamin Bosniya

Abin da ya fi taɓa ni a Sarayebo na gan shi. A laburaren Gazi Husrev-beg, wanda aka kafa a 1537, na tsaya gaban wani shafi mai baƙaƙen Larabci, na fara haɗa su da ɗan karatun Islamiyyata, sai na ji kalmomin Bosniyanci na fita daga bakina. Ajami ne sak, su Arebitsa suke ce masa. Musulmin Bosniya sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da shi. A 1631 Muhamed Hevaji Uskufi ya tsara ƙamus na Bosniyanci da Turkanci a waƙe. Daga baya Mehmed Džemaludin Čaušević, wanda ya yi karatu a Istanbul kuma ya zama shugaban malaman Bosniya, ya gyara baƙaƙen don kowane sautin Bosniyanci ya samu nasa, aka riƙa buga littattafai da shi har 1941. Haka malamanmu suka yi da suka ƙara ɗigo don samar da ts da wasalin e a ajamin Hausa.

Ina tsaye a wurin na tuna Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, shekara ɗaya da Vuk. Fulatanci ne harshen gidansu, Larabci na karatunta, amma ta yi waƙoƙi da Hausa don matan karkara su fahimci addininsu. Ita ma 'yar tsakiya ce.

Amma fa kada in yi muku zaƙin baki. Tarihin nan yana da ɗayan gefen, wato masu tsaron ƙofa irin na Benis, masu yanke hukuncin wane harshe ne na gaske, wane ne kuma ɗan asali. A 1863 da 1876 daular Rasha ta taƙaita buga littattafai da harshen Yukren, wai shi ba harshe ba ne mai zaman kansa, kuma an sake jin irin wannan magana a bakin masu goyon bayan yaƙin da aka fara a 2022. A Sarayebo kuwa, a watan Mayun 1992 sojojin Sabiyawan Bosniya da suka yi wa birnin ƙawanya suka harba wa Cibiyar Nazarin Gabas wuta, littattafan hannu sama da 5,000 na Larabci da Turkanci da Farisanci da Arebitsa suka ƙone, a watan Agusta kuma suka ƙona babban laburaren ƙasa. Masu harbin da waɗanda ake harbi suna jin maganar juna sarai ba tare da tafinta ba. Son harshe in ya koma auna jinin mutane, nan yake kaiwa.

Harshen da ya rasa magada

Akwai wani harshen Silafawa da ban sa a jerin da na kawo a sama ba, don babu shi yanzu. Polabiyanci ake kiransa, ana yin sa a bakin kogin Elbe a arewacin Jamus, yankin da yau ake kira Wendland. Wajen 1700 wani fasto mai suna Christian Hennig da ya tattara kalmominsa ya lura tsofaffi kaɗai ke yin sa, su ma ba sa son yi a gaban yara don dariya ake musu. Wajen 1725 wani manomi, Johann Parum Schultze, yana da shekara 47, ya zauna ya rubuta kalmomin da yake tunawa, don ya ƙirga ya ga shi da mutum uku suka rage a ƙauyensu, kuma yana tsoron bayansu ko sunan kare ba za a sani ba. Ya mutu a 1740, ba a daɗe ba harshen ya bi shi. Abin da ya rage yau kalmomi ne kimanin 2,800 a takarda.

A can yara ne ke yi wa manya dariya, a gidajenmu na nan manya ke yi wa yara. Ko ta wane gefe ta fito, dariyar baki take rufewa.

Ni ban ce Hausa za ta mutu ba. A Kano da Damagaram da Maraɗi tana nan daram, har cinye wasu harsunan take yi. Amma a gidajenmu na Landan da Jidda da Amurka tana iya ƙarewa a kanmu. Ƙanena ɗan shekara goma yana jin "zo ka ci abinci", amma da Turanci yake amsawa, kuma tun ranar da aka kwaikwayi yadda ya ce ƙwai aka yi ta dariya bai sake gwadawa a gaban baƙi ba.

To Gwaggo, in an karanta miki wannan, ki yi haƙuri, ba rashin kunya nake miki ba, kuma maganarki gaskiya ce, Hausata ba ta zauna ba tukuna. Amma Dobrovský ma sai da ya tasa ya koyi nasa harshen, Pushkin kuma a bakin mai raino ya tsinci nasa. Ban ce za mu zama su ba. Abin da na ce shi ne zama a tsakiya bai hana su aiki ba, shi ma ya ba su abin aikin. Mu ne muke jin Turanci ko Larabci ko Faransanci kamar 'yan ƙasa, muke kuma jin Hausa ko da rabi ce. In ana neman wanda zai fassara wa wata tsohuwa bayanin likita a asibiti, ko ya mayar da littafin kimiyya zuwa Hausa, ko ya kai waƙoƙin ajami gaban waɗanda ba su san da su ba, a cikinmu za a duba.

Don haka roƙona biyu ne. Iyayenmu da gwaggonninmu, in mun yi kuskure ku gyara mana, ku rage dariyar. Mu kuma 'yan uwa, mu daina jira sai Hausar ta nuna kafin mu buɗe baki. A kira Kaka a waya a tambaye ta sunayen abubuwa a rubuta a littafi, a rubuto wa mujallar nan da Hausa ko da kuskure, Edita zai gyara. Ni dai na fara nawa littafin, kuma kalmar farko da na sa a ciki Umma ce ta ba ni ita ranar da take duba wannan rubutu: maburgi. Shekara ashirin da ɗoriya ina ganinsa a kicin ɗinmu ban san sunansa ba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam.